Neman Wanda Zai Ɗaura Auren 'Yar Muhandis

Ƙarfe biyar saura kwata na yammacin Juma'a, a bayan rumfar Alhaji Bala mai tumatir da ke kasuwar Aziziya a nan Riyad, muna zaune mu huɗu: ni, da Alhaji Bala, da Malam Nura tela, da Isufu ɗan Maraɗi mai tuƙa tankar ruwa. A nan Isufu ya sake tambayata yadda tafiyata Dubai ta kasance, alhali na riga na ba shi labari, har ya je yana gaya wa mutane wai na ci abinci da sarkin Yahudawa. Ban ga wani sarki ba. Shi ya sa na ce zan rubuta abin da ya faru daki-daki, daga fitarmu Riyad har dawowarmu, kowa ya karanta da idonsa, a daina ƙara wa zancen gishiri.

Da farko ga mutanen. Ni Sa'idu, direba ne a wani kamfanin gine-gine da ke unguwar Ulaya. Na daɗe ina tuƙa injiniya ɗaya, ɗan ƙasar Ingila, wanda kowa yake kira Muhandis Dawud. Bayahude ne. Ba ya shela da hakan, ni ma ban taɓa kai zancen majalisa ba sai yanzu da ya yarje mini, bisa sharaɗin kada in ambaci kamfanin. Matarsa ta rasu shekaru kaɗan da suka wuce. 'Yarsa tilo, Maryam, likitar haƙori ce a Dubai. Tun tana sakandare ni nake kai ta makaranta, kuma har yau Ammu take ce mini, wato baffa da Larabci.

Maryam ta sami miji mai suna Ilyas, ɗan Yahudawan Maroko da suka koma Faransa, shi ma a Dubai yake zaune. An tsayar da cewa a tsibirin Kubrus za a yi biki. Abin da ya rage shi ne wanda zai ɗaura. A wurinmu wannan ba abin tafiya ba ne. Limamin unguwa yana nan, a kawo waliyyi da wakili da shaidu, a raba goro da alawa, a shafa fatiha. Su malaminsu rabbi ake ce masa, kuma rabbi hawa-hawa ne, akwai masu tsanani akwai masu sassauci, auren da wani ya ɗaura wani ba ya karɓarsa. Uwar ango, Madam Rahila, ta ce ƙafarta ba za ta taka wurin bikin ba sai in tsohon malamin gidansu ne ya ɗaura, wani dattijo Rabbi Haruna. Aka yi dace zai zo Dubai duba wata masana'antar dabino, don su ma suna da masu binciken abin da ya halatta a ci, kamar yadda muke da masu duba yanka. Muhandis ya ce sai ya je ya gan shi ido da ido. An yi masa aiki a kunne, likita ya hana shi hawa jirgi, sai tafiya ta faɗo kaina.

Ba zan ɓoye ba, na yi murna ƙwarai. Ban taɓa fita ƙasar nan ta mota ba. Kamfani ya yi mini bizar fita da dawowa, da takardar izinin ƙetare iyaka da mota. Na sa aka duba tayoyi, na wanke motar har ƙarƙashi, na karɓi sabuwar jallabiya wurin Malam Nura, na sayi katon na rumman a nan Aziziya don kada mu shiga gidan surukai hannu biyu.

Zango na farko, Riyad zuwa Harad. Mun tashi ranar Alhamis bayan sallar asuba, muka bi ta Kharj. A Harad muka tsaya wata istiraha, wato gidan abincin matafiya, muka ci kabsa, shinkafarsu da kaza. Muhandis ba mai tsanani ba ne a kan abinci, naman alade kawai ne na san ba ya kusanta, kamar mu. Mai istirahar ɗan Sudan ne. Da ya ji ni ɗan Nijeriya ne ya ce kakarsa Bahaushiya ce daga Wad Madani, ya gaishe ni da Hausar da ta sha rana, ya ƙara mana cinyar kaza.

Zango na biyu, Harad zuwa iyaka. Duk wanda ya ce ya iya tuƙi ya gwada wannan hanya. Miƙaƙƙiya ce kamar an ja zare, ba kwana, ba gari, ba abin kallo sai raƙumi jefi-jefi. Barci ne abokin gaba. Don kada in yi gyangyaɗi, Muhandis ya shiga bayyana mini yadda suke aure. Ana kafa rumfa ta ƙyalle a kan sanduna huɗu, ango da amarya su tsaya ƙarƙashi. Akwai takardar alkawarin da ango yake ɗauka, ana karantawa a gaban shaidu biyu. Ana rera addu'o'i bakwai. A ƙarshe ango ya taka kofin gilashi ya fasa.

Na ce, “Muhandis, kofi mai kyau?”

Ya ce, “Mai kyau.”

Na ce, “A garinmu in ango ya fasa kofi ranar biki, dangin amarya sai sun yi zama a kai.”

Ya yi dariya har ya dafe kunnen da aka yi wa aiki.

A iyakar Batha layin manyan motoci ya kai inda ido ba ya gani, amma namu na ƙanana yana tafiya. Jami'in kwastan ya sa na buɗe but. Ya ɗaga wani tawul, sai ga mazaunin kyandir guda biyu na azurfa. Na ga fuskar Muhandis ta sauya. Jami'in ya ce, “Wannan fa?” Na ce na marigayiya matarsa ne, 'yarsa zai kai wa, aure za ta yi. Ya mayar da tawul a hankali, ya yi wa matar addu'a, ya ce mabruk. A ɓangaren Imarat, ƙasar da Dubai take, aka ɗauki hoton ƙwayar idona. Na'urar ta ƙi ni har sai da na daina ƙifta ido, ma'aikacin yana cewa, “Buɗe, ya Hajji, buɗe,” kamar mai ɗura wa jariri magani.

Mun shiga Dubai da magariba. Ba zan ɓata takarda kan dogayen gidaje ba, kun gani a waya. Muhandis ya sauka gidan 'yarsa, ni aka kama mini ɗaki a unguwar Dera. Otal ɗin kamar Kantin Kwari aka ɗauko aka ajiye. Daga matakala har ɗakin cin abinci Hausa ce ke tashi. Wani ɗan Fagge da ya ji da mota na zo ya bi ni har ƙofar ɗaki, wai in kai masa dilar atamfa Riyad. Na ce masa motar kamfani ce. Ya ce ai atamfar ba ta da nauyi. Na rufe ƙofa.

Safiyar Juma'a aka aike ni in ɗauko Rabbi Haruna daga masaukinsa kusa da masana'antar, in kai shi gidan Maryam. Dattijo ne gajere, farin gemu, baƙar kwat a cikin wannan zafi, da 'yar jakar abincinsa a hannu, don ba ya cin girkin kowa sai ya san tukunyar. Ya ƙi zama baya, ya zauna kusa da ni. Da ya buɗe baki sai na ji Larabci, irin na Maroko mai haɗiye harufa, amma muna fahimtar juna. Ya tambaye ni garinmu, da iyalina, da yadda muke yanka. Ya ce in ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ta yi in bar su in tafi masallaci, kada in rasa huɗuba saboda su. Mutumin ya shiga raina.

Sai ya ce, “Ya Hajji, ka san matar Dawud?”

Kun san yadda muke. In dattijo daga ɓangaren ango ya tambaye ka gidan amarya, bincike yake yi, kai kuma aikinka ka faɗi alherin da ka sani. Na gyara zama na ce na san ta sarai. Mace ce mai kirki, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, da azumi ita da kanta take haɗa mini abin buɗa-baki. Na ƙara da abin da nake ganin ya fi komai daraja. Na ce a gidan Kirista aka haife ta a ƙasar Ayalan, ita da bakinta ta gaya mini, amma ta bar addinin iyayenta ta bi na mijinta, ta riƙe shi har ta mutu.

Dattijo ya shafa gemu. Can ya ce, “A hannun wa ta shiga?”

Na ce wannan ban sani ba. Na ce amma uban yarinyar Bayahude ne gaba da baya, to ai magana ta ƙare.

Ya ce, “A wurinku ɗa na uba ne. A wurinmu uwa ake bi.”

Sauran hanyar leɓensa sai motsi yake kamar mai addu'a.

Da na dawo daga masallaci Muhandis yana jirana a wurin ajiye motoci, don dattijo ya riga ya tayar musu da zancen. Ya ce, “Sa'idu, wa ya tambaye ka?” Na ce shi ya tambaye ni. Ashe shirin Muhandis shi ne dattijo ya fara ganin Maryam, ya ci abinci da su, zuciya ta yi laushi, sannan a kawo zancen. Marigayiyar a hannun wani rabbi mai sassauci ta shiga addinin a Landan, irin wanda su Rabbi Haruna ba sa karɓa. In shigar uwa ba ta karɓu ba, to a hukuncinsu 'yar ma ba Bayahudiya ba ce. Na ce masa da ya gaya mini tun a hanyar Harad, maimakon zancen kofi, da na ce wa dattijo ya tambayi mai gidan. Maryam ce ta sauko ta raba mu. Ta ce, “Ammu, rabu da Baba. Gaskiya ka faɗa. Taho ka ci abinci.”

Yanzu batun Asabar ɗinsu, wanda Isufu ya fi damuna da shi. Tana kamawa ne daga faɗuwar ranar Juma'a. Daga nan ba tuƙi, ba girki, ba taɓa waya, ba kunna wuta ko kashewa. Saboda haka aka sauki dattijo a gidan Ilyas, a nan aka yi liyafa. Madam Rahila, doguwar mace mai zobba, tun daga Faransa ta taho da namanta a daskare, ta kwana biyu tana ƙona tukwanen ɗanta da tafasasshen ruwa don dattijo ya iya cin girkin. Kafin rana ta faɗi Maryam ta kunna kyandir a kan mazaunan azurfar uwarta, ta rufe idonta da tafin hannu tana addu'a. Dattijo yana kallonta. Da za su yi addu'a a kan ruwan inabi na fita baranda na yi magariba. Da na dawo aka zuba mini kifi a jar miya mai yaji, da burodi mai kitso. Kifin nan, in da tuwon shinkafa a gefe, da ba na tashi.

Ana cikin ci sai dattijo ya dube ni ya ce, “Akwai zafi yau.” Na ce ƙwarai kuwa. Jim kaɗan ya share goshi ya ce, “Ɗakin nan akwai zafi.” Na ce ai Riyad ta fi haka, na shiga ba shi labarin watan bakwai. Madam Rahila ta taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur, ta nuna na'urar sanyaya ɗaki da haɓa. Ashe an manta ba a kunna ba kafin rana ta faɗi. Su ba za su taɓa ba, kuma ba a yarda su umarce ni kai tsaye ba, sai dai in gane da kaina. Na tashi na kunna. Kowa ya sauke ajiyar zuciya, ba wanda ya ce na gode, don wai ni na ga dama.

A addininsu ba a yanke hukunci ranar Asabar, sai muka jira. Bayan magaribar Asabar, da taurari suka fito, dattijo ya tara su, ni ina bakin ƙofa da makullin mota. Da Faransanci da Turanci aka yi maganar, Ilyas ne ya fassara mini daga baya. Dattijo ya ce ko da direba bai faɗa ba, da zai nemi takardar auren iyayenta, kuma nan za a zo. Ya ce ba zai iya ɗaurawa ba, sai in Maryam za ta zauna karatu a hannun malamansu, ta sake shiga addinin sabuwa, abin da kan ɗauki shekara ko fiye.

Maryam ta ce karatu ba ya ba ta tsoro. Ta ce amma in ta yarda ta shiga sabuwa, ta yarda ke nan uwarta ba ta taɓa shiga ba, matar da ta yi shekaru tana kunna kyandir a Riyad da labule a sauke. Ta ce wannan ba za ta yi wa kabarin uwarta ba.

Madam Rahila ta fashe da kuka. Da za mu mayar da dattijo masaukinsa ta biyo mu har mota, tana riƙe da ƙofa. Da Larabci suka yi wannan, na ji da kunnena. Ta ce, “Sidi, to ni yaya zan yi?” Ya ce, “Ni ba zan ɗaura ba, ba kuma zan halarta ba. Amma ban ce miki ki ƙi zuwa auren ɗanki ba. Kada ki ɗora mini abin da ban faɗa ba.” Ni dai in za a tambaye ni, irin wannan malami nake so, wanda ba ya lanƙwasa hukunci don idon mutane, ba ya kuma ƙara masa nauyi daga aljihunsa. Amma ba aurena ba ne.

Akwai wata rabbi ta biyu da Maryam ta daɗe da magana da ita ta waya, Rabbi Hannatu. E, mace. Daga Landan za ta Ostareliya, jirginta zai yada zango a Dubai safiyar Lahadi. Madam ta ce ba ta zuwa. Da safiyar Lahadin mun shiga mota, na tayar, sai ga ta da jaka. Ta buɗe gaba ta zauna, wai baya yana sa ta jiri. Muna hawa titi ta ce, “Ya Hajji, a garinku mace tana ɗaura aure?”

Na ce, “A'a, ba ta ɗaurawa.”

Ta juya baya ta ce, “Kun ji ko?”

Muhandis ya ce, “Sa'idu, don Allah ka yi tuƙi.”

A wurin shan shayi na wani otal kusa da filin jirgi muka same ta, mace mai furfura da tabarau, da 'yar hula a tsakar kai, ƙafarta cikin takalmin gudu. Abin da ta fara tambaya shi ne sunan uwar Maryam, da irin abincin da take dafawa ranar Juma'a. Muhandis ya fara amsawa, ya bar wa 'yarsa ta ƙarasa. Daga nan ta faɗa musu abin da ban zata za ta faɗa ba. Ta ce za ta ɗaura da farin ciki, amma su sani mutanen Rabbi Haruna ba za su ƙirga auren ba, kuma wata rana 'ya'yansu za su iya cin karo da wannan tambaya. Ta dubi Ilyas ta ce, “Ka ji?” Ya ce ya ji. Ta ce ya sake faɗa a gaban uwarsa. Ya kama hannun uwar ya ce, “Mama, na ji, kuma Maryam zan aura.”

Madam ba ta dube shi ba. Rabbin ta duba, ta ce in dai malama ce ta gaske ta rera mata addu'o'in nan bakwai. Matar ta ajiye kofi ta fara, a hankali saboda mutane. Ba ta kai ƙarshen ta farko ba Madam ta ɗaga hannu. Ta ce wannan muryar mutanen ƙasar sanyi ce, kamar ana kai gawa. Sai ita ta ɗauka, da muryar da ubanta yake yi a Kasabalanka. Jama'a, ban san abin da take cewa ba, amma tsikar jikina ta tashi, don jan muryar ya yi kama da na masu ƙasida a zawiyya. Masu kai shayi suka tsaya da tire a hannu. Rabbi Hannatu ta zaro waya ta ce a bari ta ɗauki muryar ta koya. Ta gwada, Madam ta ce ba haka ba. Ta sake, Madam ta bugi tebur da zobe tana ba ta kiɗa. Daga nan suka faɗa zancen daren lalle, don Yahudawan Maroko ma suna sa wa amarya lalle, da ango ma, a tafin hannu. Na ce mu ma haka, har kamu muke yi. Madam ta ce to ashe mutanen kirki ne.

Da lokacin jirgi ya yi, kowa yana jiran kalmar Madam. Ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce wa ɗanta, “Matar nan in an bar ta ita kaɗai za ta kunyata mu a gaban dangi. Ka ba ta lambata. Kuma a Kubrus ɗakina ya kasance kusa da nata.”

Maryam ta rungume ubanta. Ni na fita na tayar da mota, don na ga idona yana neman ba ni kunya.

Dawowa ba wani abu, hanya ɗaya ce. Muhandis ya yi barci daga iyaka har Kharj, ni kuma ina ta jan muryar nan ta Madam a ƙasan maƙoshi ba tare da na san kalma ɗaya ba.

Ga abin da ya sa na tsawaita. Kafin mu baro Dubai, Maryam ta ce sandunan rumfar nan huɗu mutanen da suka fi kusa ake ba su riƙe, kuma Rabbi Hannatu ta ce ba dole sai Bayahude ba. Maryam ta ce ni zan riƙe ɗaya. Na ce mata ba zan ce e ba, ba zan ce a'a ba, sai na tambaya. Ba addu'arsu zan yi ba, ba abin shansu zan sha ba, sanda ce zan riƙe a kan yarinyar da na yi shekaru ina jira a ƙofar makaranta. Amma ni ba malami ba ne, kuma na ga da idona yadda mutum yake tsayawa kan hukuncin addininsa. Saboda haka duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa, in ɗalibin ilimi ne a nan Riyad ko a Madina, ko ya san wanda ya yi karatu na gaske, ina roƙonsa ya bincika mini, ya same ni a rumfar Alhaji Bala bayan la'asar ɗin Juma'a, ya zo da dalili. A hanzarta, don neman biza yana cin lokaci, kuma yarinyar tana jiran amsata.